Najeriya: Jamhuriya Ce, Dimokuraɗiyya Ce, Ko Daular Addini?

  

Akwai gardamar da ba ta mutuwa a tsakaninmu, musamman in zaɓe ya ƙarato. Wani ya ce Najeriya ƙasar dimokuraɗiyya ce. Wani ya ce a'a, jamhuriya ce, ga shi nan ɓaro-ɓaro a bangon fasfo. Wani ya ce ai mu can gida tuni shari'a muke yi, don haka daular Musulunci ce. Wani matashi kuma ya ce duk tsarin kafirci ne, wanda ya jefa ƙuri'a ya taɓa imaninsa. Wanda ke zaune a garin ubansa yana iya ɗaukar wannan hirar shayi. Mu da muke Legas da sauran garuruwan Kudu, da rumfunanmu a kasuwar wasu, da 'ya'yanmu a makarantun wasu, da masallacinmu a ƙasar kakannin wasu, amsar ta shafi kwanciyar hankalinmu kai tsaye. Shi ya sa muka ga ya dace mu warware zancen a natse.

Kalmomi uku, tambayoyi uku

Abin da ke rikita gardamar shi ne ana ɗauka dole a zaɓi ɗaya daga cikin ukun, alhali kowace kalma tambayarta daban. Jamhuriya tana amsa tambayar: ƙasar ta wace ce, kujerar shugaba gādonta ake yi ko a'a? Dimokuraɗiyya tana amsa tambayar: ta wace hanya ake ɗora shugaba, ta wace hanya kuma ake sauke shi? Daular addini tana amsa tambayar: wa ke da magana ta ƙarshe, shin shugabannin addini ne da ke mulki da sunan Ubangiji?

Tunda tambayoyin daban ne, ƙasa tana iya samun ɗaya ta rasa ɗaya. Ingila tana zaɓe na gaske, firaminista yana faɗuwa ya tattara kayansa, amma ba jamhuriya ba ce domin sarki gare ta, kuma sarkin shi ne shugaban cocin ƙasar, har akwai kujeru 26 na bishop-bishop a majalisar dattawansu. Sin jamhuriya ce, babu sarki, amma jam'iyya ɗaya ke riƙe da komai. Saudiyya masarauta ce, sarki ne ke naɗa 'yan Majalisar Shura, ba zaɓensu ake yi ba. Iran tun 1979 take kiran kanta Jamhuriyar Musulunci, ana zaɓen shugaban ƙasa da majalisa, amma akwai kwamitin mutum 12 mai tantance wanda zai tsaya takara, kuma Jagoran addini yana sama da shugaban ƙasa, sojoji ma a hannunsa suke. Fadar Paparoma a Batikan kuwa daular addini ce tsantsa. Maƙwabciyarmu Nijar har gobe sunanta Jamhuriyar Nijar, duk da sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yuli, 2023. Kun ga ke nan sunan da ke jikin buhu bai isa shaida ba, sai an zura hannu an ga abin da ke ciki. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin haka.

To, mu ina muka tsaya?

Jamhuriya dai mun zama ita ranar 1 ga Oktoba, 1963. Kafin nan, ko da muka sami 'yancin kai a 1960, Sarauniyar Ingila ce shugabar ƙasa a takarda. Daga 1963 kujerar ta daina zama ta gādo. Sarakunanmu na gargajiya suna nan da darajarsu, daga Sarkin Musulmi har Oba na Legas, amma ba su ke yin doka ko kasafin kuɗi ba.

Dimokuraɗiyya kuwa tafiyarta da tuntuɓe. Sojoji sun kifar da gwamnati ranar 15 ga Janairu, 1966, suka riƙe har 1979. Suka dawo ranar 31 ga Disamba, 1983, ba su tafi gaba ɗaya ba sai 29 ga Mayu, 1999. In aka haɗa, kusan shekara 29 ke nan, kuma duk tsawon lokacin kalmar jamhuriya ba ta fita daga sunan ƙasar ba. A tsakiya aka yi zaɓen 12 ga Yuni, 1993, aka soke shi. Daga 1999 zuwa yau ana zaɓe duk shekara huɗu, kuma a 2015 shugaba mai ci ya faɗi ya miƙa mulki ba a harba bindiga ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum fiye da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Sayen ƙuri'a da taliya da atamfa da 'yan dubbai kuwa, ba sai an ba mu labari ba. Don haka dimokuraɗiyya ce, amma mai ɗingishi.

Daular addini fa? Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya da ta kowace jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999, jihohin da suka bi wannan hanya suka kai 12. Amma ko a can, gwamna da ƙuri'a yake hawa, majalisar jiha ce ta zartar da dokokin, dokokin hukunta laifi an yi su ne domin Musulmi, kuma wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli a Abuja. Babu jihar da malamai ke naɗa gwamna ko sauke shi.

Haka kuma ba ƙasa ba ce da ta juya wa addini baya. Kundin da kansa ya ambaci Ubangiji a gabatarwarsa, ya tanadi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga Abuja da duk jihar da ke buƙata. Gwamnati tana da hukumar alhazai, tana da ta Kiristoci masu ziyarar ibada. Ana hutun Sallah, ana hutun Kirsimeti. Taƙaitaccen zance: ƙasa ce mai addinai, gwamnatinta kuma ba mallakin ko ɗaya daga cikinsu ba ce.

Inuwar da muke zaune a ƙarƙashinta

Da yawa daga cikinmu, in ana zancen sashe na 10 a gida Arewa, gani muke takunkumi ne aka sa wa Musulunci. Mu tsaya mu dube shi daga inda muke zaune. Da a ce kowace jiha tana da ikon ɗaukar addinin masu rinjaye ta mai da shi na gwamnati, me zai hana jihohin da Kiristoci suka fi yawa su yi hakan? Ɗan uwanmu mai sayar da albasa a Aba, da mai shanu a Inugu, da mai canji a Fatakwal, a ƙarƙashin dokar coci za su kwana. Wa zai ba su izinin kiran salla? Wa zai bar su su rufe shago su tafi Juma'a?

Kundin nan da muke yi wa kallon takardar Bature shi ne ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin yin addininsa a fili a sashe na 38. Sashe na 41 ya ba shi damar zama a duk inda ya so a faɗin ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko garin da ya fito. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar gida a ko'ina. Kuma ba koyaushe suke zama a takarda kawai ba. Lokacin da aka hana ɗalibai mata sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, kotu aka je. Babbar kotun jiha ta goyi bayan hanin a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe shi a 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar da 'yancin sa hijabin ranar 17 ga Yuni, 2022. 'Ya'yanmu mata da ke shiga aji da hijabinsu yau, albarkacin wannan hukunci suke ci. An daɗe, an kashe kuɗi, amma ba a zubar da jinin kowa ba.

Ba muna cewa inuwar ba ta da huji ba. A jihohi shida na Kudu maso Yamma babu Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ko ɗaya, duk da miliyoyin Musulmi Yarbawa da ke cikinsu. Rigimar aure da saki da rabon gādo sai dai a kai wa liman ko Sarkin Hausawa, in wani ya ƙi bin sulhun kuma babu ɗan sandan da zai tilasta shi. Yaron da aka haifa a Agege, ubansa ma a Agege aka haife shi, in zai nemi makaranta ko aikin gwamnati sai an tura shi ƙauyen kakansa ya karɓo takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Waɗannan koke-koke ne na gaskiya. Sai dai hanyar gyara su tana cikin tsarin, wato majalisa da kotu da ƙuri'a.

Masu cewa zaɓe kafirci ne

Hujjarsu ita ce hukunci na Allah ne, dimokuraɗiyya kuma ta miƙa shi ga mutane. Rabin farko gaskiya ne, babu Musulmin da zai musa. Ko duk 'yan majalisar tarayya, sanatoci 109 da wakilai 360, sun taru sun ce riba halal ce, haram take a wurinmu, ba za mu ci ba. Ƙuri'a ba ta taɓa halatta haram. Abin da take yi shi ne zaɓen wanda za a damƙa wa amanar hanya da asibiti da kasuwa da kuɗin haraji, da kuma ba mu damar karɓe amanar in ya ci ta, ba tare da takobi ba. Ko ka jefa ko ba ka jefa ba, wani zai hau kujerar, kuma shi zai yanka maka kuɗin rumfa.

Tarihinmu ma ya ishe mu misali. Da azabar Ƙuraishawa ta yi tsanani, Annabi (SAW) ya tura sahabbansa Habasha, ƙasar Kiristoci a ƙarƙashin Najjashi, kuma dalilin da ya sa aka zaɓi wurin shi ne adalcin sarkin. Ƙuraishawa suka aika Amru bn Al-As da kyaututtuka a dawo da su, sarkin ya saurari Ja'afar bn Abi Ɗalib, ya ƙi miƙa su. Suka zauna suna addininsu, suna neman abincinsu, ba su tayar wa masu masaukinsu da fitina ba. Ja'afar bai koma ba sai shekara ta 7 bayan hijira, wato shekaru bayan kafuwar daular Madina. Annabi Yusuf (AS) kuma ya riƙe taskokin abincin Masar a gwamnatin sarkin da ba addininsu ɗaya ba, ya ceci mutane daga yunwa. Mun kuma ga inda aƙidar kafirta kowa ta kai ƙasar Borno da Yobe. Yawancin waɗanda aka kashe ko aka raba da gidajensu masu salla ne.

Masu cewa a miƙa wa malamai mulki

Niyyarsu kyakkyawa ce, sun gaji da ɓarayin 'yan siyasa. Amma tambaya ta farko: wane malami? Na Izala, ko na Tijjaniyya, ko na Ƙadiriyya? Mu da limancin masallaci ɗaya kan kai mu gaban Sarkin Hausawa, yaya za a ƙare in an haɗa wa ɓangare ɗaya da 'yan sanda da gidan yari?

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. Shugaban da ya ce da bakin Allah yake magana, sukarsa ta zama saɓo, gyara masa ya zama ridda. Musulunci bai zo da wannan ba. Sayyidina Abubakar, ranar da aka yi masa mubaya'a, da kansa ya nemi jama'a su miƙar da shi in ya karkace. Sayyidina Umar ya bar zaɓen magajinsa a hannun shawarar mutum shida. Daga baya, da halifofin Abbasiyawa suka mai da wata fahimtar aƙida ta zama ta gwamnati, Imam Ahmad bn Hanbal bulala ya sha, ya yi zaman kurkuku, kuma da sunan addini aka yi masa.

A gida ma haka. Sarakunan Hausa da Shehu Usmanu ya yi wa wa'azi suna amsa sunan Musulmi, suna da limamai da alƙalai a fada. Abin da ya auna su da shi ya haɗa da harajin zalunci, da ƙwace kayan talaka a kasuwa, da cin hanci wajen shari'a. 'Yan shekaru kaɗan bayan fara jihadi a 1804, ƙaninsa Malam Abdullahi ya ga son duniya ya fara shiga wasu daga cikin jama'ar, ransa ya ɓaci har ya kama hanyar Gabas. A Kano aka tsayar da shi, a nan ya rubuta Diya'ul Hukkam yana koya wa masu mulki yadda ake mulki. In daular da Shehu ya kafa da hannunsa tana buƙatar mai tsawatarwa, to wace gwamnati ce za ta ce ita ta fi ƙarfin gyara? Malamin da ke wajen fada ya fi iya gaya wa sarki gaskiya a kan wanda albashinsa ke hannun sarkin.

Mudu biyu

Nan ne zancen ya zo kanmu. Kowa a kasuwa ya san mai mudu biyu: babba na saye, ƙarami na sayarwa. Alƙur'ani ya ware sura guda, Suratul Muɗaffifin, ta buɗe da narko a kan masu wannan hali. Mu tambayi kanmu ko ba mu da irin wannan mudun a siyasa.

A nan Kudu muna so a ba mu fili mu gina masallaci, a bar mu da lasifikarmu, a ɗauki 'ya'yanmu makaranta ba a duba sunansu ba, in rigima ta tashi 'yan sanda su tsare mana shago kamar yadda suke tsare na ɗan gari. Duk haƙƙinmu ne. To, ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Garin Kano, da Bayarabe Kirista mai ɗinki a Gusau, da Bahaushe Kirista a ƙauyukan Katsina, su ma abin da suke nema ke nan, kuma sashen da muke dogara da shi a nan shi suke dogara da shi a can. Sun daɗe suna kukan wahalar samun takardar filin coci a wasu garuruwanmu. In muka ji haushin an hana mu masallaci a Kudu, amma muka yi shiru ko muka ji daɗi in an hana su coci a Arewa, wallahi mudu biyu muke awo da shi.

Wannan ba ya nufin mu sassauta addininmu. Shari'a tana wuyan Musulmi duk inda yake, a salla da azumi da ciniki da aure da gādo, ko akwai alƙalin gwamnati ko babu. Kuma shari'ar ce da kanta ta wajabta kare wanda ba Musulmi ba da ke zaune da amana a cikinmu. Annabi (SAW) da ya isa Madina yarjejeniya ya ƙulla da Yahudawan garin, kowa da addininsa, tsaron gari na kowa.

Wanda wa'azi bai ratsa shi ba, to ya tuna tarihi. A Yulin 1999 aka yi rikicin Shagamu, aka kai gawarwaki Kano, aka rama a kan Yarbawan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A Fabrairun 2000 aka yi rikicin shari'a a Kaduna, cikin 'yan kwanaki aka far wa 'yan Arewa a Aba. A Fabrairun 2006 aka ƙona coci-coci a Maiduguri, 'yan uwanmu na Onica suka biya da rayukansu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Duk wutar da aka kunna da sunan addini ko ƙabila a wani gefen ƙasar, baƙon ɗaya gefen take fara ci, kuma a nan mu ne baƙin.

Abin da ke wuyanmu

Na farko, mu daina zaman baƙo raɓa. Mutum ya shekara 20 a Mile 12 ko Idi-Araba, amma katin zaɓensa na ƙauye ne, ranar zaɓe ko ya yi tafiyar kwana biyu ko ya kwanta barci. Kansila da ciyaman ɗin da ke yanke hukunci a kan rumfarsa da magudanar layinsu ba su da dalilin sauraronsa, tunda ba ya cikin lissafinsu. Hukumar zaɓe tana ba da damar mayar da rajista zuwa inda mutum yake zaune in an buɗe rajista. Mu yi amfani da ita, mu da matanmu da 'ya'yanmu da suka cika shekara 18. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko, kuma da goyon bayan mutanen garin ya hau.

Na biyu, ƙuri'a shaida ce. Wanda ya sayar da ita a kan taliya ya ba da shaidar zur, kuma shekara huɗu zai yi yana biyan bashin. Na uku, in za mu auna ɗan takara, kada mu tsaya a hularsa da carbinsa da yawan Umararsa. Mu duba amanarsa da abin da ya yi da kuɗin da aka taɓa ba shi. Na huɗu, mu biya harajin da doka ta sa, mu karɓi rasit, mu adana takardun rumfa da na fili, domin da su ake tsayawa gaban alƙali. Na biyar, mu kiyaye abin da muke turawa a WhatsApp. Hoton da ba ka tabbatar ba yana iya jawo a ƙona shagon maƙwabcinka. In mun je gida hutun Sallah kuma muka ji ana zagin baƙin garinmu, mu ne ya kamata mu fara cewa a'a, domin mu muka san ɗacin baƙunta.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya sa mu zama talakawa masu gaskiya. Ya tsare mana kasuwanninmu da iyalanmu, Ya kai matafiyanmu gida lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.